Kada Ka Ɗaga Hannunka

Har yanzu akwai jini a ƙarƙashin farcena. Na wanke da sabulu, na wanke da ruwan ɗumi, na sa tsinke na sakace, ya ƙi fita, kuma ban san na waye ba a cikinmu. Don haka masu karatu, in kun ga rubutuna ya karkace yau ku yi min uzuri.

Bari in fara da Yaya. Ni ce auta, shi ne babba. Tun ina 'yar firamare Abba ya rasu, Yaya ya ajiye karatu ya kama walda, da ita ya riƙe gidanmu har na gama makaranta. Bayan hannunsa duk tabon tartsatsin wuta ne, idonsa kullum jajir, in ya riƙe hannun mutum don gaisawa sai ya ji kamar ƙofa ce ta datse shi. Ina son Yaya. Na faɗa tun yanzu, don in kun karanta abin da ya yi kada ku ce ban faɗa ba. Sai dai zuciya gare shi, irin wadda in ta tashi idonsa rufewa yake yi, sai ya gama ɓarna ya zauna yana tambayar me ya faru.

Shi kuwa wanda nake so likita ne, a wayata na sa masa suna Mai Zare. Ba ya yanka mutum. Ɗan huji yake yi a saman cinya, ya zura wani siririn tiyo kamar zare cikin jijiyar jini, yana tura shi a hankali yana kallon allo, na'urar hoto tana nuna masa inda zaren ya kai a cikin jiki. In jijiya ta toshe ya buɗe ta, in tana zubar da jini ya toshe ta daga ciki. Ranar da ya fara yi min wannan bayani na ce, "Ashe dai mai gyaran famfo zan aura." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wallahi ban yi masa ƙarya ba. Yatsunsa dogaye ne sirara, kuma lallaɓa su yake yi kamar ƙwai. Na taɓa tsokanarsa da ragwanta don ya ƙi buɗe min gwangwani da wuƙa. Ya ce, "Auta, allo rabin aikin ne kawai. Da kan yatsuna nake jin in zaren ya taɓa bangon jijiya. Ranar da na daina jin wannan, na daina aiki."

To, Gwaggo ce ta ɓata komai, ƙanwar Abba. Shekara da shekaru tana fama da ƙafa, jijiyoyi sun kumbura sun yi kore sun nannaɗe mata a sha-raɓa, ko silifas da ƙyar take sawa. Ni na haɗa ta da shi. Ya tsayar da ita, ya zana mata jijiyoyin da alƙalami, ya yi mata allurai, ya sa mata doguwar safa mai matsewa. Ta warke ras. Kun san godiyar da ta yi? Da ƙafar da ya gyara mata ta tako har falonmu, ta cire mayafi ta ajiye a hannun kujera, ta dubi Yaya.

"Ni dai na ga abin da ya ishe ni. Mata ne layi guda, kowace sai ta yaye zane har cinya. Shi kuwa yana tsugunne yana shafawa."

"Gwaggo, ba aikinsa ba ne?" na ce.

"Na ce ba aikinsa ba ne? Abin da idona ya gani na faɗa."

Yaya ya ajiye kofin shayinsa a kan tebur da ƙarfi har ya fallatsa a kan ledar ƙasa. "Wato wanda ya san cinyoyin matan gari kaf shi za ki kawo min a matsayin suruki?"

"Haba Yaya..."

"Rufe min baki! Ki gaya wa likitan cinya, duk ranar da hannunsa ya kuma taɓa wata mace ta gidan nan, sai na karya shi. Na rantse."

Umma ta ce ya daina rantsuwa a kan abin da bai sani ba. Anti, matar Yaya, tana zaune a ƙasa da tsohon cikinta tana ninke kayan jarirai, ta ɗago ta yi min ido alamar in yi shiru. Har ga Allah na ji haushin Gwaggo kamar in shaƙe ta.

Wannan cikin na Anti ba na farko ba ne, sauran duk sun zube. Shi ya sa da naƙuda ta kama ta yau da safe duk muka rikice. Yaya ya riga ya tafi bayan gari kafa ƙofofi a wani gini, wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka. Ni da Umma muka kai ta asibiti. Ko wanka ban yi ba, doguwar rigata ruwan toka na zura a kan kayan barci, na yafa farin mayafi. Kafin azahar ta haihu, namiji, ƙato mai kama da ubansa har goshin. Ina cikin yi wa Yaya saƙon albishir na ga wata nas ta fito a guje, wata ta shiga da ledar jini.

Likitar mata ta fito tana cire safar hannu. Ta ce jini ya ɓalle, sun yi duk abin da suka saba yi ya ƙi tsayawa. Ko dai su shiga da ita tiyata su cire mahaifar gaba ɗaya, ko su kira likitan jijiya ya toshe hanyar jinin daga ciki. Kuma likitan jijiya guda ɗaya ne a asibitin.

Wato Mai Zare.

Aka bar mu muka leƙa ta. Leɓenta ya yi fari fat, idonta ya faɗa. Ta kama gefen mayafina. "Auta, kada ki bari su cire min. Don Allah."

Umma ta dubi likitar ta ce, "Ku kira shi. Ni na haifi mijinta, ni na ce ku kira shi."

Na fita baranda na rubuta masa.

"Anti ce. Jini ya ƙi tsayawa."

"Sun kira ni. Ina sa riga."

"Ka san abin da Yaya ya ce."

"Na sani. Ki yi mata addu'a."

Zaman da muka yi a kan bencin nan ba zan iya kwatanta shi ba. Umma tana jan carbi, jaririn yana barci a cinyarta cikin farin tawul. Gwaggo ta iso da kwandon fulas, tana zama ta fara tambayar wa ya ba da izini. Umma ta ci gaba da jan carbinta. Can sai ga wata nas ta leƙo ta ce an gama, amma maras lafiyar tana karkarwa tana kiran Auta, in zo in riƙe mata hannu.

Ƙaramin ɗaki ne kusa da ɗakin na'urar, gado ɗaya, durowar magani ta ƙarfe, da ƙarfen da ake rataye ledar jini. Anti tana kwance a miƙe, an lulluɓe ta da koren ƙyalle tun daga wuya har ƙafa, in ban da wani wuri da bai fi tafin hannu ba a saman cinyarta ta dama. Shi kuma yana tsaye a sunkuye, har lokacin da rigar dalma a jikinsa, wata riga mai nauyin tsiya da suke sawa saboda hasken na'ura. Hannunsa na hagu a ƙasa, na dama a saman na hagun, ya danne auduga a wurin da dukkan nauyinsa. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Jinin ciki ya tsaya," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Mahaifarta tana nan."

"Alhamdulillah," na ce.

"Saura wannan hujin da na shiga ta cikinsa. Babbar jijiya ce, kuma jininta ya tsinke saboda yawan wanda ta zubar, ba ya saurin daskarewa. Dole in danne har ya rufe da kansa. Anti, kada ki lanƙwasa ƙafar nan ko da wasa."

"In ka ɗaga fa?" na tambaya.

"Ba zan ɗaga ba."

Nas ta ce bari ta karɓo wata ledar jinin, ta fita ta ja ƙofa. Na riƙe hannun Anti, sanyi ƙalau, ina gaya mata ɗanta ya ɗebo goshin Yaya. Har ta fara murmushi. Sai na jiyo muryar Gwaggo daga baranda, da irin sautin nan nata na kai rahoto.

"Sai yanzu ka zo? Ai ga shi can, an ba shi ita. Yana ciki, hannunsa a cinyarta, har yanzu bai fito ba."

Umma tana cewa, "Tsaya ka ji! Kai, tsaya ka ji mana!"

Bai tsaya ba. Da ƙafa ya buɗe ƙofar, ta bugi bango ta dawo. Yana sanye da kayan aikinsa masu ƙonannun huji, hular kwano ta babur a hannunsa. Ya dubi matarsa a kwance, ya dubi inda hannayen suke. Na ga lokacin da idonsa ya rufe, wallahi na gani.

"Yaya, ceton ta yake yi! Yaya!"

"Ɗaga hannunka."

"Ba zan iya ba," in ji Mai Zare. "Ka ba ni ɗan lokaci, zan yi maka bayani. In na ɗaga..."

Hular kwanon ta sauka a gefen fuskarsa. Tabaransa ya yi tsalle ya tarwatse a ƙasa. Kansa ya karkace, ya dawo da shi, hannayen suna inda suke. Yaya ya ƙara masa a hanci, na ji ƙarar abu ya fashe, jini ya tsinke masa ta hanci da baki yana zuba a kan koren ƙyallen. Anti ta ƙwalla ƙara tana neman tashi.

"Kada ki motsa!" Mai Zare ya daka mata tsawa, muryarsa cike da jini. "Auta, danne mata gwiwa!"

Ban danne ba, kan Yaya na yi. Na rungume shi ta baya ina ihun a kawo agaji. Ya juyo ya kwaɗa min mari da bayan hannu. Tunda uwata ta haife ni Yaya bai taɓa marina ba sai yau. Na bugi ƙarfen rataye jini muka zube tare, leɓena ya fashe, kunnena ya ɗauki ƙara.

Yaya ya koma kan Mai Zare. Naushi yake kai masa a ciki da haƙarƙari, amma rigar dalmar tana shanyewa, har ƙullin hannun Yaya ya fara sulluɓewa. Hakan ya ƙara tunzura shi. Ya shure shi a ƙafa, ya shure shi a gwiwa. Mai Zare ya durƙusa a gefen gadon, ya kifa goshinsa a kan ƙarfen, amma hannayensa suna sama, a danne. Ba ya ramawa, ba ya karewa, don ba shi da hannun da zai kare da shi.

"Na ce ka ɗaga!"

"A'a."

Sai Yaya ya kama hannunsa na dama, wanda yake sama. Ya cusa manyan yatsunsa a ƙarƙashin siraran nan, ya ɓamɓaro su, ya tanƙwara su baya. Ƙas. Ya ƙara. Ƙas. Masu karatu, na sha jin ana karya ƙashi a mahauta, ban taɓa jin ƙarar da ta shiga min ciki irin wannan ba. Mai Zare ya yi wani irin ihu da ban san yana da shi ba, amma ya kifa gwiwar hannunsa a kan na hagun ya ci gaba da dannewa. Yaya ya cafki wuyan rigar dalmar da hannu biyu, ya ɗaga shi cak, ya maka shi da durowar magani.

Jini ya yi tsiri. Ba zuba ba, tsiri, yana harbawa yana tsayawa, yana harbawa yana tsayawa, daidai da bugun zuciyarta. Na farko ya sami bango, na biyu ya sami Yaya a ƙirji da fuska. Ya tsaya cak, bakinsa a buɗe, jinin matarsa yana gangara masa a gemu.

Na rarrafa na kifa tafukana a wurin. Ɗumi, santsi, yana tsartuwa ta tsakanin yatsuna kamar ban sa komai ba. Idon Anti ya fara juyewa.

"Ba ki da ƙarfi," na ji muryar Mai Zare daga ƙasa. Yana jan jiki da gwiwa, hannun daman a rungume a ƙirjinsa, yatsun sun kalli inda bai kamata su kalla ba. "Kai! Zo nan!"

Yaya bai motsa ba.

"Da kai nake! Za ta mutu! Kawo hannunka!"

Ban taɓa jin wani mahaluƙi ya yi wa Yaya tsawa ba. Ya tako kamar wanda ake ja da igiya. Mai Zare ya kama wuyan hannunsa da na hagu, ya ture nawa, ya ɗora na Yaya. "Ba a kan hujin ba, sama kaɗan. Nan. Ka ji tana bugawa?"

"Na... na ji."

"Danna har ka ji ƙashi a ƙasa. Ɗora ɗayan. Miƙe gwiwar hannunka, ka sa nauyinka duka. Ƙara!"

Tsirin ya rage, ya koma ɗigo, ya tsaya.

"Kada ka ɗaga hannunka. Ko me za a yi maka, kada ka ɗaga sai na ce."

Daidai nan masu gadi suka faɗo ɗakin da kulake, nas-nas a bayansu, Umma tana salati da jariri a kafaɗa. Na gaba bai tambayi komai ba, ya ga ƙato jina-jina a kan maras lafiya, ya zabga wa Yaya kulki a gadon baya. Ya ƙara masa a kafaɗa. Yaya ya gantsare, ya cije leɓe, hannayensa ba su gusa ba.

"Ku bar shi!" in ji Mai Zare. "Duk wanda ya kuma taɓa shi, shi ya kashe ta. In an gama ku yi abin da za ku yi."

Haka aka tsaya. Aka ɗaura wa Anti jini a hannu biyu, likitar mata tana faɗin awon jininta, shi kuma yana zaune a ƙasa jingine da ƙafar gadon, ya ƙi yarda a fitar da shi. Da hannun hagu yake laluba ƙafarta yana jin bugun jini, yana cewa Yaya ya sassauta kaɗan, ya ƙara kaɗan. Yaya yana sunkuye a kan matarsa, hawaye yana wanke jinin fuskarsa yana ɗiga a bayan hannunsa mai tabo. Can Anti ta buɗe ido ta dube shi.

"Ka ga yaron?" ta ce da ƙyar.

Ya girgiza kai alamar a'a.

Sai da la'asar ta yi sannan aka ce ya ɗaga a hankali. Audugar ta tsaya a bushe. Mai Zare ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya sulale ya suma. Gwaggo kuwa ko ƙeyarta ban kuma gani ba, har kwandon fulas ɗin ta bari a kan benci.

Na sami Yaya a ɗakin masu gadi, zaune a ƙasa, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa yana kallonsu. Ya ga leɓena, ya kawar da kai.

"Ya hannun likitan?" ya tambaya.

"Likitan ƙashi ya ce ƙashin zai haɗe. Amma jijiyar da ke kai ji zuwa kan yatsu ta taɓu, bai san ko zai dawo ba."

"In bai dawo ba fa?"

"Ya daina aiki."

Ya sake duban hannayensa. Sannan ya ce, muryarsa a dashe, "Auta, ki je ki gaya masa ya turo iyayensa. Duk ranar da ya so. In kuma ɗaure ni yake so a yi, ki ce na yarda."

Maganar da na yi wata da watanni ina roƙon Allah in ji, ga ta na ji, kuma ko ɗigon daɗi ban ji ba. Ina fitowa wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Mai Zare, don ba shi da yatsun rubutu. Na kara a kunne, maganar tana fita ta hanci. "Auta, ki taɓa min ƙafarta ta dama. In da ɗumi, ki gaya min." Shi ke nan abin da ya ce. Na je na taɓa, da ɗumi. Na tsaya a wurin na yi kuka mai isata.

Daga nan na nufi ɗakin da aka kwantar da shi, da amsa biyu a bakina, ta ƙafar da ta Yaya. Na kai hannu zan murɗa ƙofa ke nan na ji takun mutum a bayana. Mahaifiyarsa ce. Matar da tun ranar da ya fara kai ni gaishe ta ba ta taɓa kirana da komai ba sai 'yata, wadda take ajiye min turare in ta yi tafiya. Na durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina wuni."

Ta dubi farin mayafina da ya rine, ta dubi leɓena, ta dubi farcena. Idonta a bushe yake, ba ta ɗaga murya ba.

"Baiwar Allah," ta ce, "matsa min daga ƙofar ɗakin ɗana."

Na matsa. Ta shiga, na ji ta murɗa makulli daga ciki.